Kurakuran Malama Ta-Ina

Ranar Alhamis ce, ruwa yake ta zuba tun da safe, irin siririn nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Kafin ƙarfe tara Malama Ta-Ina ta leƙa taga ya fi sau goma. Ta ja kujerun falo gefe, ta sake mayar da su inda suke, ta goge teburin da ta riga ta goge.

"Ki zauna mana," in ji maigidanta. Tsohon mai gyaran agogo ne, ya daina fita shago amma hannunsa bai daina aiki ba. Yana zaune a bakin ƙofa da agogon bangon maƙwabta a cinya, ya buɗe masa ciki. "Ko sau ɗari kika leƙa, sai ruwan ya ga dama zai tsaya."

"Ya ce ƙarfe tara, Malam."

"Mai ɗab'i ya ce tara, ke kuma kika yarda? Shekara talatin da shida kina koyar da lissafi, har yau ba ki gano taran mai ɗab'i sha ɗaya ba ce?"

"Taran mai agogo fa? Wannan na cinyarka sati nawa ke nan?"

"Wannan jinya yake yi. Ba a yi wa majinyaci gaggawa."

Ta yi dariya, ta koma taga.

Ta-Ina ba sunanta na gaskiya ba ne, ɗalibai ne suka laƙaba mata. Tana 'yar shekara sha tara ta fara shiga aji, da jan biro sabo fil, kuma shekara ukun farko babu abin da take yi sai zabga wa yara ja a littafi. Wata rana wata yarinya ta cire sha bakwai daga hamsin da biyu, ta samu arba'in da biyar. Malama ta ja mata layi, ta ba ta wani, ta sake faɗuwa irin faɗuwar farko sak. Haushi ya sa ta ce, "Wai ke ta ina kike bi?" Yarinyar ta ce ai ba a cire bakwai daga biyu, biyu ba ta kai ba, shi ya sa take juya su ta cire biyu daga bakwai. Malama ta tsaya riƙe da biro. Ashe ba sakarci yarinyar take yi ba, doka ce ta kafa wa kanta, kuma tana bin ta fiye da yadda sauran suke bin ta littafi. Aka ɗauko kwalin ashana aka ƙirga da tsinkayen, cikin minti biyar matsalar ta wuce.

Daga ranar ta daina tambayar amsa, sai hanya. Yaro ya ci, ta ina ka bi. Yaro ya faɗi, ta ina ka bi. Kuskuren da ya burge ta kuwa, sai ta nemi izinin mai shi, ta yanke shi daga littafin, ta rubuta suna da shekara a baya, ta jefa a gwangwanin biskit. Makaranta huɗu ta koyar, gwangwanin yana biye da ita. Sau biyu aka ba ta shugabancin makaranta ta ƙi, wai ofishin babu allo. Shekara shidan ƙarshe a kwalejin horon malamai ta yi su, a nan ne ta lura kowane malami yana fama da kuskure iri ɗaya a ajinsa, kowa yana zaton nasa yaran ne kaɗai, babu mai gaya wa wani. Sai ta ce mujalla za ta buɗe, ta malaman lissafi, inda malami zai rubuta wa malami.

Ta aika wasiƙa ta fi ɗari tana neman rubutu. Amsa uku ta samu, duka fatan alheri ne. Malami zai tsaya gaban yara sittin ko gezau, amma ka ce ya rubuta shafi ɗaya abokan aikinsa su karanta, nan take ciwon kai zai kama shi. Da ta yi ritaya sai ta zauna ta rubuta fitowar farko ita kaɗai. Shugaban ƙungiyar malaman lissafi ya ba ta rabin awa a taronsu na ranar Asabar. Ta riga ta gaya wa maigidanta, in ta fito daga taron nan babu ko mutum biyar da suka yarda su rubuta, to ta biyu ba za ta fito ba, don ba za ta zauna tana hira da kanta a takarda ba.

Sha ɗaya saura kwata aka ji tsayuwar mota. Mai ɗab'i ya shigo da kwali a ka, an lulluɓe kwalin da leda, shi kuwa ya jiƙe sharkaf. Ƙato ne, gemunsa ya fara fari, ma'aikata takwas ne a ƙarƙashinsa, amma yana taka ƙofar ya rage tsawo. Shekara talatin da suka wuce ɗalibinta ne, kujerar ƙarshe ta jikin bango ce tasa, har yau kuma Na-Baya take kiransa.

"Malama, ina kwana. Baba, ina kwana."

"Na-Baya, ka makara."

"Ai ban taɓa zuwa ajinki da wuri ba, Malama. Kada na ɓata tarihi."

Ya koma ya ɗauko sauran kwali biyun. Kofi ɗari uku na mujallar. Ta kwance igiyar da kanta, ƙamshin sabuwar takarda ya cika falon. Bangon shuɗi ne, an rubuta sunan da manyan baƙaƙe: Allo da Alli. Ta shafa shi, ta sunsuna, ta rungume shi a ƙirji. Maigidan ya ajiye agogo, ya goge hannu a riga kafin ya karɓi nasa.

"Ga ka nan a shafin farko," ta ce masa, "can ƙasa. Mai naɗe wasiƙu da liƙa kan sarki."

"A ƙasa kuma? Ni da na ƙarar da yawuna a kan ambulan ɗari?"

Ta wuce rubuce-rubucenta uku ba ta tsaya ba, ta buɗe tsakiya. Shafi takwas ne a nan, kuma dominsu aka yi komai. Ta zaɓo kuskure arba'in da ɗaya daga gwangwanin, waɗanda ta fi so. Kowanne ga tambaya, ga amsar yaron, sannan fili a ƙasa, inda malami zai rubuta ta ina yake ganin yaron ya bi, ya aiko mata. Ba ta sa bayani ba, ta bar shi sai a taro ta faɗa da bakinta. Abin da aka rubuta a sama kawai shi ne: Daga littattafan ɗalibai.

Na farko, hamsin da biyu a cire sha bakwai. Amsa, talatin da biyar.

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Talatin da biyar ɗin tana nan. Na biyu, rabi a tara da ɗaya bisa uku. Amsa, biyar bisa shida. Daidai. Na uku daidai. Ta juya shafi, ta sake juyawa, tana bin lambobin da yatsa. Duk daidai.

"Na-Baya."

"Na'am, Malama." Yana tsaye hannu a baya, bakinsa har kunne.

"Ina arba'in da biyar ɗina?"

"Kai, Malama ba a ɓoye miki abu. Da na so na yi shiru, don a shagonmu ba ma faɗa. Mutum ya kawo katin gayyata ya rubuta talatin da ɗaya ga watan da kwanansa talatin ne, mu gyara shiru, ya tafi da mutuncinsa. Da na ga takardun nan sai na ce, Malama ido ya fara gajiya, ta kwaso waɗanda ba a duba ba. Malamai za su karanta fa. A ce mujallar Malama ta fito da hamsin da biyu a cire sha bakwai arba'in da biyar, ina raye? Kwana huɗu na yi a kansu. Na biyun nan sai da na kira 'yata ta tuna mini yadda ake yi."

"Duka ka gyara?"

"Duka arba'in da ɗayan. Ki duba da kyau, in kin samu ɗaya ba daidai ba, ki fitar da ni waje na durƙusa."

Maigidan ya ɗaga mujallar ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

"Ina takardun da na ba ka?"

Ya zaro ambulan daga cikin riga, a naɗe cikin leda, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Ta zazzage shi a tebur. Ga 'yan guntayen takardun nan, wasu sun yi ruwan ƙasa don tsufa. Waɗanda aka rubuta da fensir an goge amsar tas, waɗanda aka rubuta da biro an shafe su da farin ruwan gyara, a kan kowanne kuma ga amsa daidai da rubutun Na-Baya mai kyau.

"Don kada mai buga mana a kwamfuta ya rikice," in ji shi, amma muryarsa ta fara sauka.

Malama ta zauna. Sannan ta yi masa bayani a hankali, yadda take yi a aji idan abu ya kai maƙura: kurakuran su ne mujallar. Sama da shekara talatin take tara su. Ba ta da wani kofi.

Na-Baya ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a ƙasa. Ya dubi kwalayen, ya dubi takardun, ya dafe kai.

"Malama, sau ɗaya a rayuwata na ci lissafi arba'in da ɗaya bisa arba'in da ɗaya. Shi ma laifi ne?"

Ta so ta riƙe fushin, bai riƙu ba. Dariya ta ƙwace mata, ta maigidan ma da ya daɗe yana dannewa ta fashe, har sai da ta cire tabarau tana share ido, ita kanta ba ta san hawayen na wanne ba ne.

"Zan sake bugawa," in ji Na-Baya. "Gobe zan tsayar da duk wani aiki."

"Ka buga me, ɗana? Abin bugawar ka goge."

Ranar Juma'a rana ta fito. Suka ja tebur bakin taga, maigidan ya ɗauko ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Yaro idan yana rubutu danne fensir yake yi, don haka ko an goge, sawun yana nan a jikin takarda. Yana karkata takardar wajen haske yana karantowa, ita tana rubutawa.

"Wannan bakwai ce ko ɗaya?"

"Wa ya rubuta? Juya baya." Ya karanto mata sunan. "Bakwai ce. Yaron nan ɗayarsa kamar sanda take, ba ta da hula."

"Ke kin tuna hular ɗayar yaron da ya bar ajinki shekara ashirin, amma jiya kin manta shayi a wuta."

Wasu sun fito, wasu ita ta tuna da ka. Amma Na-Baya da ƙarfinsa ya yi gugar, waɗanda aka shafa wa farin ruwa kuwa, ana kankarewa suke tahowa da takardar. Zuwa la'asar sha uku suka samu.

"Ki ƙirƙiro sauran mana," in ji maigidan yana murza ido. "Ke da kika san kan kuskure. Wa zai gane?"

"Ni zan gane. Kuma babba bai iya kuskuren yaro ba, Malam. Duk yadda na yi, sai an ji hannun malama a ciki."

"To gobe fa?"

"Zan je na raba, na ba su haƙuri. Na-Baya ne zai ɗauki kwalayen, horonsa ke nan."

A zauren wata makarantar sakandare aka yi taron. Fanka huɗu ce a sama, ɗaya ke juyawa. Malamai wajen tamanin sun zauna a benci, na gaba da manyan jakunkuna, na baya suna fifita da takardar jadawali. Shugaban ƙungiya mutum ne mai son tsari, ya cire agogonsa ya ajiye a tebur, batu goma ne a gabansa, Malama ce ta shida. Da aka zo kanta, Na-Baya ya bi layi yana rabawa, kansa a ƙasa kamar mai neman allura.

Ta miƙe, ta gyara murya. Kafin ta buɗe baki Shugaba ya riga ta, ya buɗe tsakiyar mujallar ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku duba nan. Aikin ɗaliban Malama ne, arba'in da ɗaya, babu ko ɗaya da ya kuskure. Wannan shi ake kira koyarwa. Kowa ya koma ya dubi nasa ajin, ya ji kunya."

Aka yi tafi, irin na dole. Malama tana kallon fuskokin suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya naɗe mujallar ya cusa a jaka. Wannan ya fi abin da ta ji tsoro muni, don yanzu ko da bulala babu mai rubuta mata layi ɗaya.

Sai wata ƙaramar malama daga can baya ta ɗaga hannu. Shekararta ta biyu ke nan a aiki, ba ta koyi yin shiru a taro ba tukuna.

"Don Allah Malama, a wace makaranta aka samo yaran nan? Ina so na nemi canjin wurin aiki."

Aka yi dariya, ta gaske wannan karon.

"Allah da gaske nake. Na biyun nan, rabi da ɗaya bisa uku. Ni nawa biyu bisa biyar suke ba ni. Na yi faɗa, na yi lallashi, na zana lemo a allo har allin ya ƙare. Biyu bisa biyar."

"Nawa ma," in ji wani daga gefe, a hankali.

"Kai ma? Ni na zaci ruwan unguwarmu ne."

Malama ta ɗago kai. Biyu bisa biyar ce a takardar da aka goge. Ta sauko daga dandamali, ta nufi ƙaramar malamar.

"'Yata, ta ina suka bi?"

"Sama da sama, ƙasa da ƙasa, Malama."

"Wannan abin da suka yi ne. Me ya sa ya yi musu daidai a kai?"

Sai wani dogon malami, wanda shi ne kuma mai horar da 'yan ƙwallon makarantarsu, ya miƙe rabi da rabi kamar zai fasa.

"Ni dai a ganina, kamar bugun fanareti ne. Yaro ya buga biyu ya ci ɗaya. Gobe ya buga uku ya ci ɗaya. Ka tambaye shi jimla, zai ce ya ci biyu cikin biyar. Kuma bai yi ƙarya ba."

"Amma ba haka ake tara su ba!" wani ya ɗaga murya.

"Na sani, Malam. Cewa na yi ta nan ya bi."

Malama ta ɗauko alli daga bakin allo ta danƙa wa mai ƙwallon. "Zo ka nuna mana." Ya karɓa ya fara, kafin ya kai layi na uku mutum biyu sun taso suna neman allin.

A nan ta tsayar da su, ta faɗa musu gaskiya. Ta ce ɗalibanta ba su fi na kowa ba, duk arba'in da ɗayan nan kuskure ne tun asali, wani bawan Allah ne ya tausaya mata ya gyara. Ba ta faɗi suna ba. Na-Baya da kansa ya ɗaga hannu daga bakin ƙofa, kamar mai neman izinin fita. Zauren ya kece, har da masu buga benci.

"To ga fili nan a ƙarƙashin kowace tambaya," ta ce da suka lafa. "Ba na neman amsa daidai, an riga an yi mana. Kowa ya rubuta mini abin da nasa yaran suke ba shi."

Ba a taɓa ganin malamai sun zaro biro da sauri haka ba. Wanda ya cusa tasa a jaka ya zaro yana miƙar da ita a gwiwa. Benci ya juya ya fuskanci benci. Wata tana rantsuwa yaranta sun ce ɗigo biyu biyar ya fi ɗigo biyar girma, don ashirin da biyar ta fi biyar, na kusa da ita yana cewa ai nasa sun fi nata, ta saurara ta ji. Malama tana zagayawa da takardarta, duk inda ta ji amsar da ta san ita ce aka goge, sai ta tsaya ta rubuta, ta ce, "Sannu da dawowa."

Shugaba ya ƙwanƙwasa tebur. "Jama'a, rabin awa ta cika. Saura batu huɗu."

Babu wanda ya juyo. Ya sake ƙwanƙwasawa, sai idonsa ya faɗa kan tambaya ta tara a mujallar: yara hamsin za su yi tafiya, kowace mota tana ɗaukar sha biyu, mota nawa za a nema. An rubuta biyar.

"Biyar?" ya ce, ya manta makirfo a buɗe yake. "Wane yaro ne zai ce biyar? Huɗu saura biyu, haka suke rubutawa."

"Ranka ya daɗe, yaran wa?" in ji ƙaramar malamar.

Ya yi gyaran murya. "Na wani abokin aikina." Aka yi masa ihu. Ya saki jiki ya yi dariya. "To nawa ne. Bara ma wani cewa ya yi huɗu ta isa, biyun su zauna a cinya. Na hana shi maki, amma da na koma gida na kasa daina tunanin abin, don ni ma ranar a motar da na hau haka aka yi."

Na sha bakwai ne ya kawo gardama. Mutum huɗu sun haƙa rami a kwana shida, mutum takwas kwana nawa za su yi. Kowa ya yarda yara sha biyu suke cewa, an ninka mutane sai su ninka kwana. Malama ta girgiza kai. Ta san wannan sarai, tun jiya da gangan ta ƙi rubuta shi.

"Ba sha biyu ba ce. Mai shi yana nan, in ya ga dama ya faɗa."

Na-Baya ya tako har gaban allo, yana murza hula a hannu.

"Nawa ne. Da na juya na ga sunana a baya, shi na fara gogewa, har takardar ta kusa hujewa. Tara na rubuta."

"Tara kuma? Ta ina tara ta fito?" Shugaba ne da kansa.

"Ranka ya daɗe, babana magini ne, a wajen aiki na tashi. Shebur huɗu gare shi. In leburori suka kai takwas, huɗu suna haƙa, huɗu suna ba su labari, masu haƙan kuma sai sun tsaya sun ji ƙarshensa. Na lissafa, na ga tara." Ya dubi Malama. "Yanzu ma'aikata takwas gare ni. Ku yi haƙuri, har yau ina nan a kan tara."

Aka tafa masa tafin da bai taɓa samu a aji ba. Mai ƙwallo ya miƙa masa allin, ya rubuta tararsa a allo, ƙatuwa, ya ja mata layi biyu.

Sai da mai gadin makarantar ya leƙo sau biyu yana kaɗa makullai sannan Malama ta yago takarda daga littafinta ta ce duk mai son rubutu a fitowa ta biyu ya sa suna. Tana kallon takardar tana tafiya hannu zuwa hannu, ba ta ƙirga ba, ta ƙi ƙirgawa. Ta ji ana rigima a benci na uku a kan wa zai ɗauki rabi da ɗaya bisa uku, ƙaramar malamar tana cewa ita ta fara faɗa, mai ƙwallo yana cewa fanaretin nasa ne, aka sasanta su rubuta tare. Shugaba ya ce a ajiye masa shafin farko. Takardar ta dawo a cike, an juya baya an ci gaba. Mutum ashirin da uku.

Da yamma Na-Baya ya sauke ta a ƙofar gida, ya ƙi shiga. Maigidan yana tsaye a waje, wai iska yake sha.

"Nawa?"

Ta miƙa masa takardar. Ya karanta gaba, ya juya baya, ya sake juyowa.

"Ashirin da uku. Duk waɗannan za a riƙa rubuta musu wasiƙa?"

"Duk wata."

"To a sayo mini gam. Na tsufa da lasar ambulan."

Bayan wata huɗu, mujalla ta biyu ta fito, shafi arba'in, rubutun Malama rabin shafi ne kacal a ciki. Na-Baya ne ya buga, bai taɓa ko ɗigo ba, ya ce da idonsa ɗaya a rufe ya yi aikin.

Daga cikin arba'in da ɗayan farko, sha uku sun dawo a bakin taga, ashirin a zauren taro, ɗaya daga bakin mai shi. Bakwai ba su dawo ba. Biyar daga masu su ba a san inda suke ba, biyu sun rasu. An kuma rasa batu huɗu na jadawalin Shugaba, alli rabin kwali, da abin goge fensir guda biyu da Na-Baya ya ƙarar.